Idan Aiki Ya Kai Ka Akra: Yadda Za Ka Ga Gari a Ɗan Lokacin da Ke Hannunka

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Akra, babban birnin Gana, aiki ne ke kai su: taron kwana uku, horaswa, ganawa da abokan ciniki, ko duba kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema. Tun da aka buɗe sakatariyar yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a birnin a 2020, zirga-zirgar ta ƙaru. Abin da ke damuna shi ne mutum ya je ya dawo bai san komai ba sai ɗakin otal, zauren taro da hanyar filin jirgi, alhali garin da ya kwana a ciki yana da zangon Hausawa da ya haura shekara ɗari. Ba sai ka nemi hutu ba kafin ka ga Akra. Safiya ɗaya, yamma biyu da rabin yini sun isa, muddin ka tsara su tun kafin ka tashi. Yadda zan bi da kai a nan zai yi maka amfani a wani garin ma, amma Akra zan riƙe, domin shawarar da ba ta da sunan unguwa da sunan titi ba ta kai mutum ko'ina.

Kafin ka bar gida

Fara da takardar shirin aikin da aka aiko maka. Ka duba ta da biro a hannu, ka yi alama a duk inda ka ga sarari: safiyar da ba a fara zama sai ƙarfe tara, yammar da aka tashi da wuri, ranar ƙarshe da jirginka sai dare. Waɗannan guraben su ne jarinka. Idan ofishinku zai yarda a ɗaga ranar dawowa da kwana ɗaya, kai ka biya kuɗin otal ɗin wannan daren daga aljihunka, ka nema tun kafin a yanki tikiti, kuma a rubuce. Yawon ganin gari ba ya shiga cikin rasit ɗin da za ka miƙa wa akanta, motar da aka ba ka don aiki kuma ba ta yawo ba ce sai da izini. Wanda ya tsare wannan iyaka, gobe ma shi za a sake aikawa.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Amma katin rigakafin cutar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, dole ne, kuma ana tambayarsa a filin jirgi. Ka sa shi cikin fasfo tun yau. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, saboda haka wanda ya tashi daga Legas zai sauka kusan a daidai ƙarfen da ya tashi, tunda tafiyar ba ta wuce awa guda sosai ba. Soket ɗin wuta irin namu ne na Najeriya, mai ƙafa uku.

Kuɗinsu sidi ne. Kada ka dogara da katin naira. Ka riƙe dala, manyan takardu, domin sun fi ƙananan daraja wajen canji. Ka canja a shagon canji mai lasisi, ka karɓi rasit, ka nemi a haɗa maka da ƙananan kuɗi na mota da ruwan sha. Akwai abu ɗaya da ke rikita baƙo a kasuwa. A 2007 aka sake fasalin kuɗin, aka mayar da tsohuwar sidi dubu goma ta zama sabuwa ɗaya, amma har yanzu wasu dattawa da tsohon lissafi suke magana. Idan uwa mai tireda ta ce maka miliyan ɗaya, wataƙila sidi ɗari take nufi. Ka nuna mata takardar kuɗin ka tabbatar kafin ka firgita.

Sai taswira. Ka sauke ta Akra a wayarka yadda za ta buɗe ko babu intanet, ka sa alama a otal ɗinka, wurin aiki, da masallacin da ya fi kusa.

Ka gane yadda garin yake kwance

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi rage wahala. Teku tana kudu. Duk inda ka rikice, ka tambayi ina teku take, ka gyara tsayuwarka. A bakin tekun ne tsohon gari yake: Jamestown, Usshertown da Osu, unguwannin ƙabilar Ga, waɗanda su ne masu ƙasa. Turawan Ingila sun dawo da hedikwatar mulkinsu nan daga Cape Coast a 1877, daga nan garin ya riƙa miƙewa arewa. Bayan tsohon gari sai kasuwar Makola da ma'aikatun gwamnati, sai unguwannin Ridge da Cantonments inda ofisoshin jakadanci da manyan otal suke, sai filin jirgi, wanda yake cikin gari sosai. Gaba da shi akwai Legon mai jami'a, da Madina. Gabas ta nufi Teshie da Tema, yamma ta nufi Kaneshie da Kasoa.

Nisa a Akra ba da kilomita ake auna shi ba, da lokacin da ka fito. Da safe, daga wajen ƙarfe shida zuwa tara, duk motocin Kasoa, Madina, Adenta da Tema suna kwararowa tsakiyar gari. Daga la'asar zuwa bayan isha'i kuma su juya. Saboda haka ka riƙa tafiya kishiyar cunkoson: idan otal ɗinka yana wajen filin jirgi, gangarawa bakin teku da yamma ta fi sauƙi a kan nufar Madina. Ranar Lahadi da safe tituna fayau suke, jama'a suna coci.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Wanda aka sallama daga taro ƙarfe biyar, awa ɗaya ce gare shi ta haske. Wannan ya sa nake fifita safiya: ka yi asuba, ka fito da gari ya waye, ka dawo ka yi wanka kafin tara. Iska da sanyi-sanyi a lokacin, ga gari yana farkawa, masu koko sun ɗora tukunya. Zafin Akra ba irin na Kano ko Zinder ba ne, na gumi ne, saboda haka tufafin auduga marasa nauyi sun fi shadda mai sitati.

Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin Afrilu da Yuli, ka girmama ruwan sama, musamman a watan Yuni. Unguwannin kwari kamar kewayen shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Circle, suna cika da ruwa cikin ɗan lokaci. A ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar wani gidan mai a wurin, mutum sama da ɗari suka rasu, yawancinsu sun fake ne daga ruwan. Idan hadari ya haɗu, ka zauna inda kake.

Abin hawa

A daren farko ka yi amfani da Uber, Bolt ko Yango, ka duba lambar mota kafin ka shiga, ka riƙe tsabar kuɗi domin direbobi da yawa sun fi son su. Tasi na gari kana gane su da fenti ruwan lemo a kusurwoyinsu huɗu. Ba su da mita, ciniki ake yi kafin a shiga, kuma ka bayyana ko ɗaukar shata kake so ko haɗaka. Mutanen Akra da alama suke kwatance, ba da lambar gida ba: kusa da gidan mai kaza, bayan coci kaza. Ka tambayi ma'aikacin otal alamar da direbobi suka san wurin da ita, ka rubuta.

Motar talakawa ita ce torotoro, ƙaramar bas mai yaron mota da ke leƙowa ta taga yana kiran sunan tasha. Idan ka ga yana juya yatsa kamar mai zana da'ira, Circle ya nufa. Ina ba ka shawara ka hau ta ko sau ɗaya, da rana, ba da jakar kwamfuta ba, kuma ba lokacin da ake jiranka a ofis ba. Ka faɗa wa yaron motar inda za ka sauka, ka faɗa wa na kusa da kai ma. Za su tuna maka. A cikinta ne za ka ji Twi da Ga da Turanci da Hausa suna cakuɗuwa, ka ga mai wa'azi ya miƙe, ka ga yadda ake miƙa kuɗi daga baya zuwa gaba ba mai cin na wani.

Ka shiga ta ƙofar zango

Ga abin da Bahaushe yake da shi a Akra wanda sauran baƙi ba su da shi. Tun kafin Turawa su kafa mulki, fatake daga Kano da Katsina suke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, a arewacin Gana ta yau, sayen goro. Bayan da Ingila ta ci daular Asante da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, ciniki ya gangaro kudu, mutanenmu suka biyo shi har bakin teku. Wasu kuma aikin soja da ɗan sanda ne ya kawo su, har rundunar sojan ƙasar ta zamanin Turawa take ɗauke da taken Kullum Shiri. Daga nan aka samu Zongo Lane da Tudu a tsakiyar gari, aka samu Sabon Zango wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, sannan Nima, Mamobi, Fadama da Madina.

Yammar farko da ka samu, ka nufi Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda. An buɗe shi a 2021, ginin salon Daular Usmaniyya ne mai ƙubbobi da hasumiya huɗu, da taimakon Turkiyya aka gina shi. Ka yi magariba a can. Bayan sallama kada ka yi saurin tashi. Ka gaisa da na kusa da kai da Hausa, ka ce kai baƙo ne daga gari kaza, aiki ya kawo ka. Da wuya ka tashi ba a tambaye ka labarin gida ba, kuma da wuya a rasa wanda zai ce kakansa daga wajenku ya zo. A irin wannan zama ne za ka samu abin da taswira ba ta da shi: wa ke sayar da abinci mai tsabta, wane direba ne mai amana, wane lungu ne ba a bi da dare.

Daga Kanda zuwa Nima taku kaɗan ne. Babban titin Nima da dare a cike yake da masu shayi, masu tsire, masu sayar da turare da hula da littattafan addini. Laraba ce ranar kasuwarta, ranar da hatsi, albasa da kayan yaji ke sauka daga arewa. Ka sa wayarka cikin aljihun gaba, ka bi babban titi, kada ka kutsa lungu sai da ɗan unguwa, domin gidajen a cushe suke kuma hanyoyin suna rikitarwa.

Abu biyu nake roƙonka a zango. Na farko, Hausar da za ka ji ba irin ta gidanku ba ce. Ana yawan cewa "ya zo" ko mace ake nufi, ga kalmomin Twi da Turanci a ciki. Kada ka gyara wa kowa, kada ka yi dariya. Da yawan masu magana da ita Dagomba ne, ko Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Wangara, Fulani da Yarbawa, waɗanda Hausa ta zame musu harshen unguwa, kuma sun riƙe ta shekara da shekaru nesa da ƙasar Hausa. Wannan abin a gode musu ne. Na biyu, kada ka ɗauke su a matsayin baƙi a ƙasarsu. 'Yan Gana ne, a nan aka haifi iyayensu da kakanninsu, kuma maganar wane ne ɗan ƙasa tana da ciwo a zango tun dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Minista Busia, wadda ta raba iyalai da yawa. Mu ma a 1983 Najeriya ta kori 'yan Gana masu ɗimbin yawa. Idan hirar ta zo, ka fi yawan saurare.

Musulmi kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na al'ummar ƙasar bisa ƙidayar 2021, kuma zaman lafiyarsu da Kirista abin a tsaya a duba ne. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya zama Babban Limamin Ƙasa a 1993 kuma gidansa ke Fadama, ya halarci cocin Katolika na Christ the King a lokacin Ista na 2019, a cikin bikin cikarsa shekara ɗari. Za ka ji ana ambatonsa da girmamawa har a bakin waɗanda ba Musulmi ba.

Juma'a ranar aiki ce a Gana. Ka gaya wa mai masaukinka tun ranar Alhamis cewa za ka fita sallah da azahar, ka tambayi masallacin da ya fi kusa da wurin taron. Ba a ɗaukar wannan da wani abu, ana dai son a sani da wuri.

Kada ka tsaya a zango kaɗai

Haɗarin samun 'yan'uwa a baƙon gari shi ne mutum ya zauna cikinsu har ya koma bai ga masu garin ba. Saboda haka rabin yinin da ka ware, ka ba tsohuwar Akra.

Ka fara daga Dandalin Tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara. A wannan fili ne, tsohon filin wasan folo na Turawa, ya tsaya ya shelanta 'yancin kai a daren shiga 6 ga Maris 1957. Kabarinsa yana nan, kusa da na matarsa Fathia 'yar Masar. Akwai ɗakin tarihi mai hotuna da kayansa, akwai kuma mutum-mutuminsa da aka fille wa kai a juyin mulkin 1966, an ajiye shi yadda yake. Awa ɗaya ta isa. Ana biyan kuɗin shiga, na baƙo ya fi na ɗan ƙasa.

Daga nan ka miƙe yamma a ƙafa ta babban titin da ke bin gaɓar teku. Za ka wuce Kotun Ƙoli da Babban Banki, ka iso sansanin Ussher wanda Turawan Holan suka gina a 1649, sannan sansanin James na Ingilishi, na 1673. Dukansu an tsare bayi a ciki kafin a loda su a jirgi, daga baya aka mayar da su kurkuku. A sansanin James aka ɗaure Nkrumah a 1950, daga can kuma aka fito da shi a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe. Gaba kaɗan ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai fenti ja da fari, ƙarƙashinta kuma masunta da kwalekwalensu masu rubuce-rubuce, mata suna banda kifi. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku bisa al'ada, ranar gyaran taru ce.

A Jamestown samari za su tare ka su ce za su zagaya da kai. Ka ɗauki ɗaya, ku yi ciniki tun farko, hakan ya fi ka yi ta korarsu. Ka ce ya kai ka Bukom, unguwar da ta fitar da zakarun damben zamani na duniya irin su Azumah Nelson da Ike Quartey. Da yamma za ka tarar da yara suna atisaye a fili. Ga wanda ya taso yana kallon dambe a gida, wurin nan zai yi masa daɗi. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka tambaya, ballantana mata a bakin aikinsu. Haka nan kada ka ɗaga waya a gaban fadar shugaban ƙasa, barikin soja ko shingen 'yan sanda.

Idan da sauran lokaci, ka koma gabas zuwa Dandalin Baƙin Tauraro, inda ake faretin ranar 'yanci. Kusa da nan ne aka harbe tsofaffin sojoji uku a ranar 28 ga Fabrairu 1948, Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, suna kan hanyar kai kokensu ga gwamna. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta tafiyar Turawa.

Mai sha'awar karatu yana da wurare biyu: gidan W.E.B. Du Bois a Cantonments, inda masanin nan baƙar fatar Amurka ya ƙare rayuwarsa a 1963 kuma inda kabarinsa yake yanzu, da Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon, wadda ke ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman ƙasar, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano. Ka rubuta musu kafin ka je.

Teku kuwa, ka kalle ta daga tudu. Igiyar ruwan gaɓar nan tana ja da ƙarfi, wanda ya koyi iyo a kogi ko dam bai san irinta ba.

Abinci

A nan ba za ka sha wahala ba. Da safe akwai koko mai yaji da ƙosai a kusan kowace kusurwa, yawanci a hannun matan zango. Akwai waakye, shinkafa da wake da ake dafawa da karan dawa har su yi ja, a haɗa da taliya, garin rogo, ƙwai, ganda da baƙin yajin da suke kira shito. Kafin azahar ta ƙare a wurin masu iyawa, saboda haka inda ka ga layi da safe, nan za ka tsaya. Akwai tuwon zafi da miyar lalo, akwai fura, akwai burkina ta gero da nono, akwai zoɓo.

Amma ka ɗanɗana na masu gari. Kenke ƙullun masara ne mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara a dafa, a ci da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Banku da gasasshen karfasa abincin dare ne. Kelewele kuwa agade ce nunanna da ake soyawa da citta da barkono, sai bayan magariba ake fito da ita. Inda za ka yi hattara shi ne ƙananan gidajen abinci na gargajiya, domin tukunyar miya ɗaya tana iya haɗa naman akuya, naman daji, dodon koɗi da ƙaguwa, kuma ana sayar da naman alade a wasu unguwanni, har da tsirensa. Ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi. Idan ka yi shakka, kifi ya raba gardama. Mai ƙyamar jatan lande ya sani cewa akwai shi a cikin shito. Ruwa kuma na gora ko na leda.

Mu'amala da abokan aiki

Mafi kyawun ɗan jagora shi ne wanda kuke zaune da shi a zauren taro. Kada ka tambaye shi wuraren da baƙi ke zuwa. Ka tambaye shi inda yake kai mahaifiyarsa cin abinci, ko inda matarsa ke sayen atamfa. Amsar ta bambanta. Mutanen Gana suna da taushin magana da yawan neman afuwa, ba sa son ɗaga murya, kuma sun san mu 'yan Najeriya da gaggawa. Ka sassauta. Idan ka shiga inda mutane ke zaune a jere, ka fara miƙa hannu daga na damanka ka bi zuwa hagu. Ba a bayarwa ko karɓa da hagu, kamar dai a gida. Wanda aka kira Nii, Naa ko Nana, ka riƙe masa wannan laƙabi. Ranar Juma'a ma'aikata suna sa kayan gida, saboda haka kaftaninka ko atamfarki sun dace da ranar.

'Yar'uwa da aiki ya kai ki, hijabi ba baƙon abu ba ne a ko'ina cikin Akra. Ki nemi wata abokiyar aiki ku fita tare da yamma, ki aika wa wani bayanin motar da kika hau, ki bar yawon Circle da tashoshin mota bayan duhu. Wannan na ƙarshe har maza ya shafa. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba: Gana ƙasar zinariya ce, kuma akwai masu farautar baƙi a harabar otal da labarin zinariya mai araha, da takardu masu hatimi. Duk wanda ya kawo maka wannan magana, ka sallame shi. Haka nan idan ka ga kasuwa ta burge ka har ka fara tunanin buɗe shago, ka sani dokar zuba jari ta ƙasar ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kan haka. Ka nemi lauya kafin ka nemi shago.

Tsaraba da ranar ƙarshe

Makola ita ce uwar kasuwanni, mata ne ke riƙe da ita, kuma a nan za ka samu atamfar GTP da Woodin, duwatsun ado da sabulun salo. Ka je da safe, da ɗan gari idan ka samu, ka taya da fara'a. Kusa da ita akwai Kantamanto ta 'yan gwanjo, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a Janairun 2025. Kente na gaskiya saƙar hannu ce, ƙyalle-ƙyalle siriri ake haɗawa, yana da nauyi da tsada. Mai arahar bugun inji ne, ka juya bayansa za ka gane. Rigar saƙi ta arewacin ƙasar, fugu, ta fi sauƙin samu a wajen mutanen Nima. Yara kuma cakulan Golden Tree, tunda Gana ce ta biyu a duniya wajen noman kokon da ake yinsa da shi, bayan Kodebuwa.

Wanda ya samu cikakken yini yana da zaɓi biyu. Aburi tana kan tudu, kimanin awa ɗaya daga gari, da lambun itatuwa da aka kafa a 1890 da iska mai sanyi; wannan tafiya ce mai sauƙi. Cape Coast da Elmina kuwa, inda manyan sansanonin cinikin bayi suke, na Elmina tun 1482, tafiyar awa uku ce ko fiye saboda cunkoson Kasoa. Ta cancanci wahalar, kuma ya kamata mu je da sanin cewa Salagar da kakanninmu suka sayi goro a cikinta kasuwar bayi ce kuma, wasu daga cikin waɗanda aka tsare a ɗakunan nan masu duhu ta can aka biyo da su. Ka tashi da asuba, kuma kada ka sa wannan tafiya a ranar da jirginka zai tashi.

A ranar komawa ka haɗa kaya tun dare. Shito, man kaɗe da duk abin da ke da ruwa ko maiƙo su shiga babbar jaka, a naɗe cikin leda biyu, domin ba za a bar ka ka hau da su a hannu ba. Ka ware rasit ɗin aiki daban da na yawonka tun kana tuna wanne ne wanne. Filin jirgin yana kusa, amma idan tashinka ya faɗo tsakanin la'asar da isha'i ka ƙara awa ɗaya a kan abin da taswira ta nuna maka. Sauran sidin da ke aljihunka ka canja su kafin ka wuce jami'an shige da fice, ka bar kaɗan na ruwan sha.